Gurbin Dinatu

Kaneng ta sake kwance ƙullin kayan a kan gado, ta ƙara agogon hannu a ciki. Akwai rigar sanyi, akwai leshi, ga turare da takalma. Tun jiya ta aika wa yayarta da rediyo a otal ɗin da ta sauka, ba a ce mata an gani ba. Yayarta Dinatu ta sauka Landan tare da mijinta Rwang, wanda kwangilar gine-ginen gwamnati ta mai da shi mai kuɗi a shekarun nan na man fetur. Saƙon da ya iso wa Kaneng a waya gajere ne: wai ta zo.

A cikin bas daga unguwar Edmonton ta rungume ƙullin a cinya. Rabonta da yayarta tun ranar da ta bar Bukuru. Gurbi ɗaya ne asibitin mishan ya samu na karatun nas a Ingila, kuma Dinatu baturiyar asibitin ta zaɓa, don hannunta ya iya wanke ciwo. Amma mahaifiyarsu ta fi son Kaneng. Ita ta zaunar da ita a bayan rumbu, ta koya mata abin da za ta faɗa. Kaneng ta je wurin baturiya tana kuka, ta ce yayarta tana da ciki. Aka cire Dinatu daga ƙungiyar mawaƙan coci, aka sa ta a bencin baya. Kafin jama'a su gane babu cikin, Kaneng ta hau jirgi. Ko da mahaifiyar ta rasu ba ta je gida ba, ta ce asibiti ne ya hana ta hutu.

"Ya Ubangiji," ta ce a ranta, "ko zagina za ta yi, ka sa dai ta dube ni."

A otal ɗin, Rwang ne ya buɗe ƙofa, cikin babbar riga da hular sanyi.

"A'a, baturiyar gidanmu! Ashe kina raye? Ko sai mun nemo tafinta?"

"Sannu da zuwa, Yaya Rwang. Ya hanya?"

"Hanya lafiya, sai dai garin nan naku ba rana. Shiga, tana ciki." Dariyar ba ta kai idonsa ba. Ya ɗauki mabuɗi ya fita.

Dinatu na kwance, ta jingina da matashi. Ta rame har zoben aurenta yana yawo a yatsa. Kaneng ta durƙusa a bakin gado, ta tura ƙullin gaba.

"Mene ne wannan kuma? Jiya rediyo, yau ƙunshi."

"Naki ne, Yaya."

"Dubi ɗakin nan. Rwang ya kwashe rabin kantunan garinku. Ina da su da yawa, ƙanwata, riƙe abinki. Tashi ki zo nan."

Ta jawo ta da hannun dama, ta rungume ta. A nan Kaneng ta lura hannun hagun bai motsa ba, ya kumbura tun daga kafaɗa. Ba ta nemi izini ba, ta ɗaga zanen a hankali ta duba ƙirjin. Ta sha ganin irinsa a ɗakin mata na asibitinsu, ta kuma san yadda yake ƙarewa.

"Tun yaushe?"

"Tun ina goyon Dung. Ƙaramin ƙullutu ne kamar gyaɗa. Na ɗauka nono ne ya daskare, na yi ta gasawa da ruwan zafi. Yanzu yaron har ya shiga makaranta." Ta gyara zanen. "Likitan ya ce da na zo da wuri. To, ina zan sani? Ban yi karatun ba."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne, da Kaneng ta fi jin sauƙi.

"Yaya, maganar baturiya. Ni ce na..."

"Na sani. Mama ta gaya mini kafin ta cika. Na daɗe ina jin haushinki, har na taɓa rantsewa in na gan ki sai na yaga miki baki. Ranar cin jibin Ubangiji a coci sai in zauna, in ƙi tashi, don na san abin da ke zuciyata. Daga baya na gaji. Na ce wa Yesu ya karɓi kayan nan, ni ba zan iya ɗauka ba."

Kaneng ta kifa kai a kan katifa tana kuka. Dinatu ta bar ta ta yi, sannan ta dungure mata ƙeya.

"Ya isa haka. Ba kuka na kira ki ba. Gobe za su kwantar da ni, ba zan je gaban turawa da kai kamar mahaukaciya ba. Kin manta kitso?"

"Ban manta ba."

"To hau gadon."

Kaneng ta cire takalmi ta hau. Dinatu ta ɗora kai a cinyarta, ta lumshe ido. Da Kaneng ta sa mataji sai gashin ya biyo shi, da yawa, ba tare da ta ja ba. Ta dunƙule shi ta tura cikin aljihun rigarta.

"Me ya tsayar da ke?"

"Ba komai, Yaya. Wane iri kike so?"

"Shuku. Kuma kada ki yi mini na sauri."