Ƙudan Zuman Gidan Pellow

Gidan Pellow, a ƙasar Ingila, ya girmi ƙauyen da ke kusa da shi. An ce wani kakan gidan ne ya sa aka rushe tsohon ƙauyen, aka mayar da shi bayan tudu, wai hayaƙin girkin talakawa yana tare masa kallon tafki. Tun wancan zamanin amyoyin zuma suke jere a gindin katangar lambu.

Ambrose Tidy ya gaji kiwonsu daga ubansa. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ga shi Uwargida Pellow ta rasu ba ɗa ba jika, an sayar wa wani kamfanin otal gidan. Al'ada kuwa, in mai gida ya mutu, sai a ƙwanƙwasa kowace amya da makullin babbar ƙofa, a gaya wa ƙudan wanda ya tafi da wanda ya gaje shi. In ba su ji sunan magaji ba, tashi suke yi.

Ambrose ya sami mutumin da kamfanin ya turo yana auna ɗakuna, ya tambaye shi sunan sabon mai gida. Mutumin ya yi dariya, ya ce masu gidan suna da yawa, wasunsu ko Ingila ba su taɓa takawa ba. Makullin dai ya ara masa.

Matarsa Winnie ta biyo shi lambu cikin yayyafi, tana mitar shayinsa ya huce.

"Tsoho, ka ce musu kamfani mana. Ƙwari ne, ba lauyoyi ba."

"Kamfani ba suna ba ne, Winnie."

"To ka ce kai ne. Dama ka fi hira da su a kan ni."

Ya daɗe yana juya makullin. Bai taɓa yi musu ƙarya ba, kuma ba shi da ƙarfin farawa yanzu. Ya bi amyoyin yana ƙwanƙwasawa a hankali.

"Uwargida ta rasu. Ba wanda ya gaje ta."

Da rana ta fito bayan 'yan kwanaki, ƙudan amyar farko suka taso baƙi ƙirin. Winnie ta miƙo masa tukunya da cokali ya kaɗa, yadda ake yi don su sauka. Ya ajiye tukunyar da cokalin kan ciyawa, ya zauna a bakin baro, yana kallo har suka tsallake katangar.