Ƙwaron Uwar Rariya

Buhu na tara Uwar Rariya take dubawa lokacin da aka ce Manaja yana kiranta. Ta zuba riɗin a farin faranti, ta baza shi da yatsa, ta kara gilashinta mai ƙara girman abu. Tas yake, kamar na jiya da na shekaranjiya. Shekara ashirin da biyu tana tantance kayan wannan sito kafin a kai su jirgin ruwa, ba a taɓa dawo da buhun da ta buga wa hatimi ba. Mata masu rairayar riɗi kan tsokane ta, wai ko a mafarki ƙwaro ya gifta sai ta faɗi sunan ubansa.

Yau babu mai tsokana. Sati uku ke nan injin tacewa a kashe, matan su arba'in suna zaune jugum a kan buhunan wofi. Babbar ƙasar da ke kwashe kusan duk riɗin, wadda a sito ake kira Masu Saye, ta tsare musu kwantena goma sha ɗaya a tasharta, wai an ga ƙwaro. Kowa kuwa ya san ƙwaron. Wakilin ƙasarsu ne ya ɗaga hannu tare da masu suka a wani taron ƙasashe, ranar da ake maganar mutanen da shugaban Masu Saye ya kulle. Kwana biyu da ɗaga hannun, ƙwaro ya bayyana.

Ƙanwarta, wadda ke rairaya a layin farko, ta riƙo mata gefen zani.

"Yaya, in alheri ne ki yi sauri. Yaran nan sun fara tambayata me ya sa nake komawa gida ba ƙura a jikina."

Manaja ya miƙe da ta shiga, har da jawo mata kujera. Nan ta san da magana, don mutumin nan ko gaisuwa da kai yake amsawa. Ya tura mata hoton wani ƙwaro.

"Mama, ga abin da suka ce sun gani."

Ta ɗora gilashi a kai, ta yi tsaki.

"Ranka ya daɗe, wannan ai katako yake ci. Ko ka roƙe shi ba zai taɓa riɗi ba. Kuma ɗan ƙasar sanyi ne, wuni ɗaya a sitonmu sai gawarsa."

"Ba a tambaye mu me yake ci ba, Mama." Ya rage murya, ya dubi ƙofa. "Masu Saye ba za su ce fushi suka yi ba. Gwamnatinmu ba za ta fito ta ce ta tuba ba, ko da ta tuba a ɗaki. To dole a samu wanda zai ce idonsa ne ya kuskure. Da an samu, su saki kaya."

Ya ajiye takarda a gabanta. An rubuta cewa ita, mai tantance kaya, ta yi sakaci. Za a aika wa Masu Saye, za a kuma karanta a rediyo.

Ta ji kunya ta rufe ta tun kafin ta taɓa biro. Ba ta da gida nata, ba ta da gona. Idon nan shi ne abin da take taƙama da shi.

"Korata za a yi?"

"Haba, wa zai kore ki? Ai yanzu ake bukatarki."

Ta tagar ofis ta hango matan, duk sun juyo da fuskokinsu wajen. Ƙanwarta har ta ɗauko rariyarta ta ɗora a cinya. Uwar Rariya ta yi bisimilla ta sa hannu. Da ta ɗaga takardar, sai ga wasu biyu a ƙarƙashinta, kalma ɗaya ba ta bambanta ba, sai dai gurbin kwanan wata da na sunan ƙwaro a buɗe suke.

"Waɗannan fa?"

Manaja ya ƙi haɗa ido da ita.

"Akwai wani taron wata mai zuwa. Ba mu san ina hannun wakili zai nufa ba. Ki sa duka, kada a riƙa wahalar da ke da hawa bene."

Ta daɗe tana kallon guraben nan. Sannan ta sa musu hannu.

Kafin ta gama saukowa an tayar da injin. Ƙura ta tashi, mata suna ta shewa suna gyara ɗauri. Ƙanwarta ta taro ta da gudu, tana ɗaga murya saboda ƙarar.

"Yaya, ƙwaron ya mutu?"

Uwar Rariya ta cusa gilashinta a aljihu.

"Bai mutu ba," ta ce. "Ƙwai ya saka."