Ƙuri'ar Yaya Kande

Sabitu na share ƙasan bas ɗinsa a tashar Kudai lokacin da abokin aikinsa Mailafiya ya leƙo da rediyo manne a kunne. An sauko daga Juma'a ke nan, rana kamar ta narka kwalta, masu Umra kuma tun safe ba su bar direbobi sun huta ba.

"Ka ji abin da ake yi yau a Ireland?" in ji Mailafiya. "Ƙuri'a kan auren jinsi. Ƙasar 'yan Katolika fa! An ce ko limaman cocin nasu ba a jin maganarsu yanzu. Kalas, shi ke nan, duniya ta ƙare."

"Allah ya kyauta," in ji Sabitu, ya ci gaba da shara.

Babu wanda ya san a tashar cewa a gidan Katolika aka haife shi, can wajen Kafanchan, sunansa Sebastian. Da ya musulunta yana saurayi, mahaifinsu ya fito masa da kayansa waje, bai ƙara kiran sunansa ba har ya mutu. Yayarsa Kande ce kaɗai ba ta yanke shi ba. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Dublin, ta daɗe da samun takardar zama 'yar ƙasa.

Mailafiya bai yi nisa ba waya ta yi ƙara. Ita ce.

"Saba, kana aiki?"

"Ina jin ki, Yaya."

"Ina bakin makarantar cocinmu, nan ake jefa ƙuri'ar. Na kasa shiga. Ranar Lahadi Fada ya karanta mana saƙon bishof, a ce a'a. Muna dawowa gida Istifanus ya zaunar da ni. Ya ce, Mama, in kin ce a'a, ni kika ce wa."

Sabitu ya zauna a kujerar fasinja. Istifanus ɗanta ne tilo. Rabonsa da ganinsa tun yana ƙarami, ranar da za su tashi daga Kano.

"Ma'ana shi ma…"

"Shi ma. Akwai wani yaro. Sun daɗe tare, ni ce ban sani ba. Na faɗa masa maganganu, Saba. Ya kwashi kayansa, har yau bai ɗaga wayata ba."

"Yaya, kin san inda nake. A addinina babu wannan. A naki ma babu."

"Ba fatawa na kira nema ba, Fada ya riga ka." Muryarta ta dushe, irin ta wadda ta kwana a tsaye. "Matan da muke zumunta da su, waɗanda ba sa fashin Misa, rabinsu eh za su ce. Wata tsohuwa ta ce min jikanta ya fi mata bishof. Ni kuma ina tsoron Allah. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da Baba ya kore ka, me ka so ya yi?"

Mai kula da layi ya buga jikin motar. "Yalla, ya Sabitu! Harami, Harami!" Mutane suka fara tururuwa ciki, fararen haramai jiƙe da gumi.

Ya koma mazaunin direba, wayar a kafaɗa. Ya daɗe bai tuna ranar ba, kuma bai so tunawa ba.

"Ban taɓa son ya ce na yi daidai ba," ya ce a hankali. "Na san ba zai ce ba. So na yi in na dawo in tarar da ƙofa a buɗe."

"To takardar fa? Eh ko a'a kawai ke jiki."

"Wannan ban sani ba, wallahi. Ba zan ce miki eh ba. Kuma ba ni ne zan tsaya a gabanta ba."

Ta ja dogon numfashi. "Bari in shiga. Daga aikin dare nake, ƙafafuna sun kumbura, ga ruwa ana yi." Ta kashe.

Ya kai mutanen Harami, ya ɗebo wasu. A hanyar dawowa saƙonta ya shigo: "Na jefa." Bai tambaye ta me ta zaɓa ba. Ya lura ma ba ya son sani.

Da ya sauke fasinjoji a Kudai, ya nemo wata lamba da ke cikin wayarsa tun da daɗewa, wadda bai taɓa kira ba. Ta yi ta ƙara har ya kusa ajiyewa.

"Kawu?" Muryar namiji, a ɗarare, kamar mai jiran a zage shi.

Duk abin da Sabitu ya shirya a hanya, na wa'azi da na faɗa, sai ya ajiye shi gefe. Ya dubi sabon layin mutanen da ke jiransa cikin rana.

"Istifanus, ni ne. Uwarka na bakin makarantar coci, ruwa na dukanta. Je ka ɗauko ta."