Sifikar Hagu

Ɗaki ɗaya ne da falo gare mu, amma sifikokin mijina sun kusa kai ni tsawo. Makaɗin jita ne, shekara goma sha biyu yana hawa dandamali. 'Yarmu watanta biyar, Ɗigo muke kiranta saboda ƙanƙantarta.

Da hantsi ya kunna faifan wasansu. Cokulan da ke cikin kofi suka hau rawa. Ɗigo ta zabura a bayana ta tsala ihu, amma ni da nake goye da ita ma da ƙyar na ji.

"Abban Ɗigo, ka rage!"

"Me?"

"Na ce ka rage!"

Ya ɗan murɗa, fuska a tamke. "Ke ba ki san kiɗa ba. Faifai gawa ce. A dandamali a ƙirji ganga take dukan mutum, ana jin yatsana yana gogar tsirkiya, ana jin mawaƙi yana jan numfashi. Wannan akwatin sai an ƙure shi yake farfaɗowa. Kawo ta nan ta ji aikin ubanta."

"Ba inda za ta. A asibiti an gaya mana kunnen jariri in ya lalace ba ya gyaruwa."

"Su 'yan asibitin sun taɓa riƙe jita? Ni a gaban sifika na girma, ga ni garau."

"Garau? Sai na kira ka sau uku kake waiwayowa."

"Surutunki ne ya yi yawa, nake tacewa."

Ya miƙo hannu zai kwance goyon. Na ja da baya har na bugi firji. Ya yi tsaki, ya koma kujerarsa, wadda ya auna da tef don ta zauna daidai tsakiyar sifikokin. Ya lumshe ido.

"Saurara ki ƙaru. Ganga daga dama, jitata daga hagu. Kin ji yadda take fita tas? Kamar ina tsaye a wurin."

Na zagaya bayan sifikar hagu, na ɗauko bakin wayarta daga ƙasa, na ɗaga masa.

"Tun ranar Laraba na zare ta da nake shara, ban mayar ba. Kwana biyar kana zaune a nan kana yabon jitarka daga hagu. Ba ji kake ba, abin da ka kaɗa kake tunawa."

Ya kashe faifan. Ya toshe kunnen dama, ya ƙyasta yatsu a gefen na hagu. Ya sake ƙyastawa, kusa sosai. Sai ya sauke hannun a hankali.

"Tarko kika ɗana min a gidana. Wannan munafunci ne."

"Kira shi duk abin da ka ga dama. Kunnenka ya tafi, nata ne ba zan bari ba. Ko sifikokin nan su koma ɗakin atisayenku yau, ko ni da ita mu tafi gidan Mama."

Da yamma ya janye sifikokin ɗaya bayan ɗaya, yana kankare min fentin bango da gangan.

Kwana biyu ke nan ba ya cin abincina. Na yanko wa shi da Ɗigo kati biyu na ganin likitan kunne ranar Litinin. Ɗigo zan kai ta, da shi ko ba shi. Nasa katin yana kan akwatin jitarsa, har yanzu bai taɓa shi ba.