Muryata a Bakin Dakta Hambali

Jiya da dare na kwanta da haushin Dakta Hambali a ƙirjina, sai na yi wani mafarki.

Bari in fara da haushin. Masu shirya wani fim mai dogon zango sun zo asibitinmu neman likitan da zai riƙa duba musu labari, don kada su koya wa jama'a shirme a kan cuta. Labarin nasu kan farfaɗiya ne. Ni ne likitan ƙwaƙwalwa. Hambali likitan fata ne, ƙuraje da makero ya sani. Amma shi suka ɗauka, wai ya fi ni sakin fuska. Gaskiya yana da wushirya, ni kuwa ko wajen ɗaurin aure na je sai ka ce sammaci na kawo. Da yamma ya yi ta kirana, na ƙi ɗauka. Na ce ya je ya tambayi wushiryarsa.

To, sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, mata sun kifa bokitai suna tara. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata ko ɗigo. Na ratsa kasuwa har na isa wani gini da aka rubuta wa Ofishin Haɗa Likitoci da 'Yan Fim. A bakin tebur wata akuya ce zaune da tabarau, tana tauna labarin wani marubuci.

Na yi sallama, ta amsa tana kallon bango. Na gaya mata sunana, Dakta Lurwanu, na zayyano karatuna har da na ƙasar waje. Ta haɗiye shafin da ke bakinta, ta ce a garin nan ba a ganin mutum sai sunansa ya taɓa fitowa a ƙarshen fim.

"Amma ai ke kina ganina," na ce.

"Ina dai jin ka. Muryar ba laifi."

Daga nan ta yi min bayanin dokar gari. Duk abin da aka ɗauka a fim yau, gobe da safe kowa shi zai yi. Wancan makon an nuna likita ya fito daga ɗaki, ya cire tabarau, ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. Tun daga ranar duk likitocin garin haka suke yi, ko mura ka kai musu. Shi ya sa aka buɗe ofishin, aka kuma yi sa'ar samun babban masani. Ban tambayi sunansa ba, don jikina ya riga ya ba ni.

Sai ga ni a wurin ɗaukar fim.

Hambali na kan kujera mai sunansa a baya. Farar rigarsa ta likita ta yi tsawon da raguna ne ke riƙe masa gefenta. Wani na masa fifita, wani na ɓare masa lemo. Babu fitila ko ɗaya a wurin, hasken da ake ɗaukar fim da shi daga wushiryarsa yake fitowa, in ana son dare sai a roƙe shi ya rufe baki. Na tsaya ina kallo, hassada na cina kamar gara. Mutumin da muka yi karatu tare, wanda har littafina ya ara bai dawo da shi ba. Na yi gyaran murya don a san na iso, wani ya zo ya rataye hularsa a kunnena ya wuce.

Daraktan wani bunsuru ne mai gemu. Ya bayyana fitowar da za a ɗauka: mace za ta faɗi a kasuwa, jama'a su watse don kada yawunta ya taɓa su, sannan jarumi ya zo ya cusa mata cokali a baki ya cece ta. An riga an shigo da cokula buhu guda. Hambali ya miƙe zumbur yana kaɗa hannu, bakinsa na motsi da sauri, amma ko tari ba ya fita.

"Dakta ya yi magana mai ma'ana," in ji bunsurun. "In an gama ɗauka, a sutudiyo za a ɗora masa murya."

Wani rago ya tambaya me za a ɗora. Darakta ya ce duk abin da ya dace da motsin baki.

Daɗi ya kama ni har tafin ƙafa. Na sami dutse na zauna, na harɗe. Gobe gari zai cika da cokali, a tambaya wane likita ya sa hannu, a ce mai wushirya. Har na fara tsara yadda zan yi masa jaje.

Sai aka fito da matar da za ta faɗi, na ga Baraka ce, ƙanwata.

Tana sanye da mayafinta na zuwa makarantar da take koyarwa, alli a yatsunta. Baraka na da farfaɗiya tun tana yarinya. Haƙorinta na gaba guda babu, cokalin wata maƙwabciya mai son taimako ne ya cire shi. Saboda ita na karanta ƙwaƙwalwa. Duk wurin ita kaɗai ta dubi inda nake.

"Yaya Lurwanu, kai ma kallo ka zo?"

Ta gyara mayafi, ta ce ita ba ta damu da na yau ba, wasa ne. Gobe take tunani, in ta faɗi a aji, yara su gudu, malamai su zo kowa da cokalinsa. Ta faɗe shi a natse, kamar mai lissafin cefane.

Na tashi na ƙwala wa darakta kira, na ce a tsaya. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tambaya wa ya bar rediyo a kunne. Na kama rigar mai kyamara, ya ce iska ta taso. Sai ga akuyar ofis a gefena, tana tauna igiyar lasifika. Ta ce murya ba fuska ba ta da amfani, fuska ba murya ma haka. In ina so a ji ni, in laɓe a bayan Hambali in yi magana daidai da motsin bakinsa.

"Sunana fa? Zai fito a ƙarshe?"

"Murya ba ta da suna," ta ce.

Wato kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na tsaya ina jayayya da zuciyata, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe. Darakta ya ba da umarni, Baraka ta faɗi, jikinta na karkarwa. 'Yan kasuwa suka watse. Jarumi ya taho da cokali wanda ya kai shebur girma.

Na ruga na laɓe bayan Hambali. Turarensa mai tsada ne, ko a wannan halin sai da na lura. Na buɗe baki na ce kada a sa mata komai a baki, ba za ta haɗiye harshenta ba. Kada a danne ta. A janye abin da zai ji mata ciwo, a sa mata abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a juyar da ita ta gefe. Yawunta ba ya sa wa kowa cuta. A zauna da ita har ta dawo hayyacinta, in abin ya ja lokaci a kai ta asibiti.

Kowace kalma ta faɗa bakin Hambali daram, ba ragi ba ƙari. Ashe tun ɗazu abin da yake ta faɗa ke nan. Ya je ya yi karatu, munafuki. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Cokula suka fice daga buhu suka bi ruwa sama, har da na hannun jarumi. Aka ɗauke Hambali a kafaɗa ana tafi. Sunaye suka fara tsirowa daga ƙasa suna hawa: darakta, mai kyamara, mai shayi, ragunan riƙon riga, sunan Hambali ya wuce ya sake dawowa. Na bi su da ido har wuyana ya ƙage. Nawa bai fito ba.

Baraka na kwance ta gefe, kanta bisa ɗankwalin wata mai sayar da daddawa, matar na share mata baki da hannunta ba tsoro. Ta buɗe ido, ta yi murmushi, sauran haƙoranta na nan cif.

"Yaya, likitan nan ya iya magana," ta ce. "Muryarsa kamar taka."

Na buɗe baki in gaya mata, sai cokali ɗaya ya dawo daga sama, ya faɗo kan dutse yana ƙara, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya ƙi tsayawa.

Na farka. Maiɗakina ce ke motsa shayi a kofi, gari ya waye. Ba ta ko juyo ba ta ce Hambali ya sake kira tun ina barci.

Na ce ta ajiye cokalin nan ta miƙo min wayar.