Kada A Ba Halliru Kunya

Tun da aka tare ruwa a Goronyo aka ja shi zuwa gonaki, mutanen ƙauyen su Halliru, nan gefen Kagara, suka samu albasa da shinkafar rani, suka kuma samu ciwon hanta a dabbobinsu. Saniya za ta yi kiwo a bakin ruwan da ya kwanta, bayan 'yan watanni sai ka ga tana ramewa, ƙasan haɓarta ya kumbura. In an yanka, hantar cike da tsutsa, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci.

Halliru likitan dabbobi ne, ɗan garin, yana aiki a Sakkwato. Ciwon ya san shi. Abin da bai sani ba shi ne a wace fadama kuma a wane wata dabbobin ke kwasarsa, da dalilin da ya sa maganin kasuwa ya daina ci. Wannan sai an yi bincike, bincike kuwa ba a yin sa da fatar baki. Ya rubuta neman tallafi wurin gidauniyoyi har hannu ya gaji, yawancinsu ko a ce masa an gani. Kwatsam wata ta amsa: za ta aiko wakiliya ta gane wa idonta, in ciwon ya kai yadda ya faɗa, za a ba shi kuɗin aikin.

Ransa fari ƙal ya zo gida. Ya fara shiga wurin Gwaggo Uwaliya, ƙanwar mahaifinsa wadda ta goya shi. Saniya ɗaya gare ta, ja, wadda mijinta ya mutu ya bari, ita ma ciwon ya kama ta, haƙarƙari duk a waje. A ransa ya riga ya gama shiri, wannan saniyar zai fara nuna wa baƙuwar.

"Gwaggo, ki ƙara haƙuri," ya ce. "Baƙi na tahe. In Allah ya yarda jar nan ta tashi."

Daga nan ya wuce wurin Kawu Mode, mai unguwa, ya ce masa ranar Laraba manyan baƙi za su zo ganin bisashen gari. Tsoho ya gyara zama.

"Baƙinka? To, ɗana, tahi ka kwanta. Ba mu ba ka kunya."

Wallahi da Halliru ya tsaya ya yi tunani, da nan ya ji tsoro. A garin aka haife shi. Ya san ko mutum na shure-shuren mutuwa, in baƙo ya gaishe shi lafiya lau zai ce. Amma ina, daɗi ya rufe masa ido, ya yi godiya ya hau mota.

Ranar ta zo, bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Ya ɗauko wakiliyar, wata Dakta A'isha, mace mai fara'a da ƙarancin magana. Suna shan kwanar shiga gari gabansa ya faɗi.

Inna lillahi! Filin ƙofar mai unguwa cike yake da dabbobi, amma waɗanne dabbobi? Bijimai masu tozo, sai sheƙi suke. Raguna an wanke su da sabulu tas. Rabinsu bai taɓa gani ba, ashe aro aka yo daga rugage da dangi na maƙwabta. Ya duba gabas ya duba yamma, ko ramammiya ɗaya babu, balle jar saniyar Gwaggo.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura da gasasshen rago. Halliru ya leƙa tiren: ga ƙoda, ga zuciya, ga tumbi, babu hanta. Ya san inda ta tafi. Mata sun gan ta, sun binne.

Ya matsa kusa da tsoho ya yi ƙasa da murya. "Kawu, ina marasa lahiyar?"

Kawu Mode ya harare shi. "Mi kake hwaɗi haka gaban baƙi? Ci nama."

Dakta A'isha ta zaga dabbobin, tana ɗaga fatar ido, tana taɓa haɓa. Ta dawo ta durƙusa gaban mai unguwa.

"Baba, an ce mana ciwo na kashe muku dabbobi."

"Alhamdu lillahi, ɗiyata, sai dai abin da ba a rasa ba. Ga su nan kin gani."

Dattawa suka gyaɗa kai. Ta juyo ta dubi Halliru, tana jira. Magana ɗaya ce ta rage masa: Kawu, ba haka ba ne. Amma ya ƙaryata yayan uwarsa, mai furfura, a gaban gari da baƙuwa? Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da ya cika takardu da bayani, ga shi tsaye kamar wanda aka kama da ƙarya.

A bakin mota ya yi ta maza ya fara yi mata bayani. Ta saurara, ba ta yi masa wulaƙanci ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Dakta, ban ce ƙarya ka yi ba. Amma abin da na gani shi zan kai. Akwai wasu garuruwan suna jira."

Bayan la'asar, da taro ya watse, aka nuna masa inda aka ɓoye dabbobin. Wani busasshen kududdufi ne bayan rumbunan albasa, inda ake ɗibar ƙasar gini, babu inuwa ko ta sisin kwabo. Nan aka tura duk marasa lafiyar tun da sassafe, kowa ya koma hidimar baƙi, ba wanda ya tuna da kai musu ruwa. Tumaki na ta haki, wasu sun kasa tashi.

Can gefe ya hango jar saniyar a kwance, wuya a miƙe, ƙudaje sun fara taruwa. Ko wuƙa ba a samu sa mata ba, ta tafi mushe.

Gwaggo Uwaliya na tsaye a kanta riƙe da bokitin ruwa, zanenta duk toka, don tun safe tana bakin murhu. Ita da kanta ta jawo saniyar zuwa nan, kada baƙin ɗanta su gan ta haka. Ta share ido da gefen mayafi, ta dube shi.

"Halliru, baƙi sun tahi lahiya?"

"Sun tahi, Gwaggo."

"To, madalla. Ba mu dai ba ka kunya ba ko?"

Ya karɓi bokitin daga hannunta, ya nufi tumakin da ke da sauran numfashi.