Sharar Inna Kulu

Malam Shitu kafinta ba mutum ba ne mai yarda yana da ciwo. In ya yi tari, ruwan sanyi ya sha. In numfashinsa ya yi nauyi, tuwon jiya ne bai gama sauka ba. Haka ya yi ta jera wa matarsa Raudatu dalilai, har ranar da tarin ya zaunar da shi a bakin shagonsa, nan kan hanyar da ta fita daga Malumfashi zuwa Kafur, da guduma a hannu ya kasa ɗaga ta. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya gaya masa ba kwana-kwana: garin katakon da yake shaƙa tun yana saurayi ya fara yi wa huhunsa illa. Ko ya raba hancinsa da garin, ko ya raba kansa da shagon.

Barin shago kuwa ba zance ba ne da za a yi da Shitu, balle ga kaka ta shigo, manoman Gozaki da Kafur sun fara sayar da masara suna zuwa neman gadaje da durowar amare. Shi ya sa babban ɗansa Awaisu, mai gyaran injuna a Funtua, ya shiga ya fita har ya samo injin zuƙe gari, na hannu amma mai lafiya, ya ɗoro shi a a-kori-kura ya kawo. Abu ne kamar durom a kan tayoyi, da buhun yadi a sama mai tace iska, da wani a ƙasa mai tara gari, sai doguwar mesa mai kauri. Awaisu ya haɗa bakin mesar da injin tsaga katako, ya nuna wa uban yadda zai mayar da ita kan injin gogewa.

"Baba, doka ɗaya ce," in ji shi. "Kafin ka kunna komai, ka fara kunna wannan. In ka ji kukansa ya yi siriri, to mesa ta toshe ko buhu ya cika. Ƙarar kuma ka yi haƙuri da ita, in na samu sarari zan haɗa mai akwati da soso a ciki, ta ragu."

Ƙara kam akwai ta. Mansur tela, mai shagon da ke jingine da nasa, tun ranar farko ya raɗa wa injin suna Acici, ya ce bai taɓa ganin abin da yake ci yana ihu kamar ana ƙwace masa ba. Rediyon Mansur ya zama hoto. Masu wucewa suka koma yin sallama da hannu, Shitu yana amsawa da kai, da auduga cushe a kunnuwansa. Injin kuma yana da halinsa. In busasshen katakon maɗaci ne, kafin garin ya tashi ya lashe shi. In katakon ɗanye ne sai ya shaƙe, sai an cire mesa an zura mata sanda. In wuta ta yi rauni sai ya riƙa gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Amma duk da haka, ba a daɗe ba Raudatu ta daina ganin jan gari a hular mijinta, kuma Shitu ya wayi gari ya ja numfashi ya ji ya kai har ƙasa. Ya ji daɗi ƙwarai, ko da yake bai faɗa ba, don faɗa daidai yake da yarda cewa da can yana da ciwo.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ne Inna Kulu.

Inna Kulu matar marigayi Malam Jibril ce, wanda ya koya wa Shitu aiki tun daga riƙon zarto, ya kuma bar masa shagon. Gidanta yana bayan layin. Tun bayan rasuwar mijinta, kullum in an sauko la'asar sai ta zo da tsintsiya da buhu, ta yayyafa ruwa, ta share shagon lungu-lungu, ta kwashe garin ta tafi da shi. Kowa ya san da shi take tuya: a danƙara garin a cikin garwa, a bar rami a tsakiya, wuta ta yi ta ci a hankali har a gama ƙosai, jikokinta su fita da shi talla. Ba ta taɓa cewa a ba ta ba, Shitu ma bai taɓa cewa ga shi ba. Shara ce ladan gari, gari ne ladan shara, ba wanda ya yi wa wani alfarma.

Washegarin zuwan Acici ta zo kamar kullum. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙasa, tas kamar an lashe. Ta dubi injin.

"Shitu, mi ne ne wanga?"

Ya kashe, ya cire auduga, ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta sake duban ƙasan, ta ce, "To, madalla." Ta maƙale tsintsiyarta a hammata ta juya. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Wannan madalla ta hana Shitu sukuni. Ya san matar nan. Ita ce in ka aika mata shinkafar Salla sai kwanon ya dawo da abin da ya fi shinkafar. Duk da haka da buhun ƙasa ya cika, ya kwance shi ya ɗora a mashin ya kai har ƙofar gidanta.

"Kai wa masu kaji, ɗan nan," in ji ta daga zaure. "Ba ni bukata."

Ya dawo da buhunsa shago. Shi a fassararsa, kara ce irin ta tsofaffi: garin da ba ta share da hannunta ba sadaka ne, ita kuwa gara wutarta ta mutu da ta karɓi sadaka daga yaron da ya girma yana cin tuwonta. Ya ga ya zo da injinsa ya kashe wa matar maigidansa murhu. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a iya gaya wa ko matar aure.

To, Shitu mutum ne mai dabara, irin dabarar da take jefa mai ita a rami. Ya yanke cewa zai raba rana biyu. Daga safe zuwa azahar na Acici ne. Daga azahar zuwa la'asar sai ya kashe shi, ya bar gari ya zuba a ƙasa kamar da. Ya bi ta gidan Inna Kulu ya gaishe ta, yana sosa ƙeya ya ce injin nan fa da rana zafi yake ɗauka, dole a bar shi ya huta, shago har ya fara cika. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ashe." La'asar ɗin ranar sai ga ta da tsintsiya.

Zuciyarsa ta yi fari. Ƙirjin ne bai san da wannan yarjejeniya ba. Aikin gogewa, wanda garinsa ya fi laushi ya kuma fi shiga hanci, da rana yake faɗowa. Tari ya dawo, da farko a ɓoye, daga baya a fili, har yakan dafa gadon da yake haɗawa ya jira ya wuce. Raudatu ta ga jan gari ya dawo hula. Da ta tambaya ya ba ta amsar da ya ba Inna Kulu, ita kuwa ba ta yi wata-wata ba ta buga wa Awaisu waya ta ce injinsa na rabin yini ne.

Awaisu ya iso da rana, da jakar kayan aiki da faifan katako da soso, ya ce tunda ya zo sai ya haɗa akwatin rage ƙarar gaba ɗaya. Ya kwance murfin injin, ya duba waya, ya juya fanka da yatsa, ya kakkaɓe buhun sama. Ya kunna ya bar shi yana ta ihu, yana taɓa jikinsa lokaci-lokaci. Shitu dai yana gefe yana ta aunawa da sake auna wani katako da ba ya bukatar awo. Awaisu ya kashe injin yana girgiza kai, daidai lokacin da Inna Kulu ta yi sallama da tsintsiyarta.

Bayan an gaisa ta juya kan Awaisu. "Kai ne mai injin? Ka rasa abin da za ka kawo ma ubanka sai mai suma da rana?"

"Wallahi Inna lafiyarshi lau," in ji Awaisu. "Ko wuni zai yi yana aiki ba abin da zai same shi. Ni na rasa inda zafin yake."

Inna Kulu ta dubi garin da ke zube a ƙasa, ta dubi Shitu. Shi kuma ya sunkuyar da kai, mutum mai furfura a gemu ya koma kamar ranar da ya fara ɓata wa Malam Jibril katako.

"Ni nake kashe shi, Inna," ya ce a hankali. "Na ga kin daina zuwa, kin kuma ƙi buhun. Na ce da mi za ki yi tuya."

Ta jawo benci ta zauna, ta ɗora tsintsiyar a cinya.

"Tuya? Shitu, yaushe rabonka da shiga madafina? Tun bara waccan ɗiyata Fiddausi ta kawo mani tukunyar gas. Garin nan masu kaji nike ba, in ba su zo ba in zuba a bayan gida."

"To, sharar fa?"

Ta ɗebi garin kaɗan daga ƙasa tana murza shi tsakanin yatsu.

"Kai kana shago lokacin, kana riƙe ma Malam aiki, ba ka ga ƙarshenshi ba. Ni na zauna gefen tabarmar maigidanka ina jin yadda yake neman numfashi. Abin da yake tofarwa kalar maɗaci ne. Ba wanda ya gaya mani sunan ciwon, amma na san inda ya ɗebo shi. Da aka yi bakwai na leƙo na ishe ka cikin garin nan har gira. Ni ban san inji ba, tsintsiya na sani. Duk buhun da na fitar, ce ma raina nike, wanga dai bai shiga ƙirjin Shitu ba."

Ta kakkaɓe hannunta.

"Ran da na zo na ishe ƙasa tas, gida na koma na yi raka'a biyu na godiya. Na ce Allah ya kawo wanda ya fi ni iya shara, bari in huta da gwiwoyina. Sai ga ka kana gaya mani yana suma."

Shitu ya buɗe baki, tari ya riga maganar fitowa. Da ya lafa idanunsa sun cika da ruwa, kuma ba duka na tarin ba ne. Shekara da shekaru yana ganin shi ne yake rufa wa tsohuwar nan asiri, ashe ita ce tsaye a kansa da tsintsiya. Ya ji kunya, ya ji kuma wani irin daɗi da rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa.

Inna Kulu ta miƙe tana dafa gwiwa. Ta nuna faifan katako da soson da ke jingine a bango.

"Wannan kuma na mi ne?"

"Akwati zan yi mai, Inna," in ji Awaisu, "don ƙarar ta ragu. Maƙwabta sun dame mu."

"Maƙwabta su nemi auduga, ba tsada gare ta ba a ƙasar nan. Bar shi ya yi ta ihunshi. Daga tsakar gidana nike jin shi." Ta juya ga Shitu. "Ran da na ji zarto na kuka ban ji wannan ba, ba da buhu za ni zo ba. Tsintsiyar dai za ni riƙo, a bayanka za ta sauka."

Ta tambayi Awaisu inda ake dannawa. Ya nuna mata koren maɓallin, ta sa yatsa ta danna da kanta. Acici ya ɗauki ihu, buhun sama ya kumbura. Ta ce wani abu da ba wanda ya ji, ta fita ta bi layin gidanta a hankali, kanta a ɗan karkace wajen shagon tana saurare.